Direban Babbar Mota a Amurka da Tambayoyinsa Uku

In mutum ya tafi neman aikin tuƙin babbar mota a ƙasar Amurka, akwai tambayoyi uku waɗanda ba ya barin ofishin kamfani sai ya yi su. Ta fari, nawa ake biya a kan kowane mil? Ta biyu, mil nawa za a riƙa ba shi ya yi a mako? Ta uku, sai bayan kwana nawa zai komo gida ya ga iyalinsa? Su ma kamfanonin sun san da haka, shi ya sa in suna cigiyar direbobi, waɗannan abubuwa uku su ne sukan rubuta da manyan baƙaƙe a jikin motocinsu. To, mai karatu ya iya cewa, me zai hana a yanka wa mutum albashinsa na wata kurum, kamar yadda akan yi wa akawu ko malamin makaranta, kowa ya huta? Amsar wannan tana cikin tarihin sana'ar. Wanda ya bi tarihin nan zai ga tambayoyin uku duk abu guda suke nema, watau wa zai biya direba ladan lokacinsa.

Da farko sai mu san girman ƙasar. Daga birnin Niyok, a bakin tekun gabas, zuwa Los Anjalis, a bakin tekun yamma, tafiyar mota ta kai wajen mil 2,800, watau kamar mutum ya bi jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano har sau huɗu. Cikin kowane ton 10 na kayan da ake ɗauka a ƙasar, wajen ton 7 a mota suke tafiya. Direbobin manyan motocin nan sun kai wajen miliyan 2, kuma doka ta yarda mota guda da kayanta su kai nauyin ton 36. Ba su da yaron mota. Galibi direba shi kaɗai yake tafiya, a bayan kujerarsa kuma akwai wani ɗan ɗaki mai gado, nan yake kwana.

Zamanin Keken Doki

Kafin zuwan mota, kayan nesa jirgin ƙasa ke ɗauka, kayan cikin gari kuwa sai keken doki. Masu kora kekunan nan suna shan wuya ƙwarai, gama mutum yakan yi awa 12 har zuwa 18 yana aiki, a sallame shi da wajen dala 2 a yini. A shekarar 1903 suka haɗa kansu, suka kafa babbar ƙungiyar da ake kira Teamsters, ma'anar sunan kuwa masu kora dawakin da aka haɗa su ja keke. Har yanzu sunan ke nan, ko da yake dawakin sun daɗe da ɓacewa daga sana'ar. Amma duk wahalar mai keken doki, ladansa na yini ne, kuma a gidansa yake kwana. Saboda haka a zamanin nan ba wanda ke tambayar mil, balle ranar komowa gida.

Da mota ta zo, ba nan da nan ta raba mutane da gidajensu ba, domin babu hanyoyin kirki. A shekarar 1912 waɗansu mutum biyar suka ɗauki sabulu ton 3 a mota daga birnin Filadelfiya zuwa jihar Kalifoniya, sai da suka yi kwana 91 a hanya. A 1919 kuma sojan Amurka suka gwada ratsa ƙasar da jerin motoci daga Washinton zuwa San Faransisko, suka yi kwana 62, suna kafewa cikin taɓo, gadoji na karyewa a ƙarƙashinsu. Cikin hafsoshin da suka yi tafiyar nan akwai wani mai suna Aizanhawa. A riƙe sunansa, za mu komo kansa.

Bayan wannan aka yi ta zuba kwalta, motoci suka ƙara ƙarfi, tayar iska ta maye tayar roba ɗanya mai tauri. Sai kuma ga mugun karyewar ciniki wanda ya faɗo wa duniya a 1929. Mutane miliyoyi suka rasa aiki. Duk wanda ya sami 'yan kuɗin kafin alƙalami sai ya ci bashin mota, ya shiga ɗaukar kaya a kan kowane farashi aka taya masa. Masu motoci suka yi ta karya wa juna farashi, abin da suka rasa kuma sai su fanshe a jikin direba. Akan biya shi kuɗin tafiya guda, ko ta ɗauke shi kwana ɗaya ko kwana uku. Mutum ya yi tuƙi dare da rana ba barci, har gyangyaɗi ya kwashe shi, ya halaka kansa da waɗansu.

Dokokin 1935 da 1938

A 1934 direbobin birnin Miniyafolis suka yi wani babban yajin aiki wanda ya girgiza ƙasar. Aka yi ta arangama a tituna, mutum huɗu suka rasa rayukansu, daga ƙarshe masu motoci suka yarda su zauna da ƙungiya. Kamfanonin jirgin ƙasa kuma suna ta kuka, suna cewa su doka ta ɗaure su, masu mota kuwa an sake su suna yin yadda suka ga dama. Manyan kamfanonin motocin su ma sun gaji da karyar farashi. To, a 1935, zamanin Shugaba Rusbelt, Majalisa ta yi doka, ta sa motocin haya masu ƙetare jihohi a hannun Hukumar Ciniki Tsakanin Jihohi, wadda aka kafa tun 1887 don lura da jiragen ƙasa. Daga nan ba mai ɗaukar kayan haya daga jiha zuwa jiha sai da takardar izni, a cikinta kuma an rubuta hanyar da zai bi da irin kayan da zai ɗauka. Farashi ma sai hukuma ta gani. Amfanin gona kuwa an ƙyale shi. Hukumar kuma ta ƙayyade lokacin aiki. Zuwa 1939 an tsaya a kan awa 10 na tuƙi, sa'an nan hutun awa 8, kuma kada aiki ya wuce awa 60 cikin kwana 7, ko awa 70 cikin kwana 8.

A 1938 aka yi wata dokar, ta ma'aikatan ƙasa baki ɗaya. Ita ce ta ce kada a biya ma'aikaci ƙasa da santi 25 a awa. Santi kuwa shi ne kashi ɗaya cikin ɗari na dala. Ta kuma ce wanda ya wuce awoyin mako, waɗanda aka tsai da su awa 40 daga 1940, sai a biya shi ladan awa ɗaya da rabi a kan kowace awar da ya ƙara. Amma sai aka cire direbobin da ke ƙetare jihohi daga wannan ƙarin, wai don lokacinsu yana hannun waccan hukuma. Wannan cirewa ba ta gushe ba har yau. Akawu in ya yi awa 60 a mako, awa 20 ɗin ƙarshe masu tsada ne a wurin ubangidansa, saboda haka ba ya son tsare shi. Direba kuwa ko ya yi awa 70 doka ba ta tilasta a ƙara masa kome ba.

Me ya sa aka zaɓi mil a yi awo da shi? Dalili shi ne, mai mota yana zaune a ofis, ba ya ganin direbansa. Bai san ko yana tuƙi ba, ko yana kwance a gindin itace. Abin da ya iya ƙidayawa kaɗai shi ne nisan da kaya suka yi. Dama kuma ma'aikatan jirgin ƙasa sun riga sun saba da irin wannan lissafi, gama a wurinsu mil 100 shi ake ɗauka aikin yini guda. Su direbobin ma ba su ƙi ba, don mai ƙwazo yana ganin zai fi malalaci samu. Amma shugabannin ƙungiya sun hangi ramin da ke ciki. A cikin 1938 ɗin nan, wani mai suna Farrell Dobbs, ɗaya daga cikin jagororin yajin Miniyafolis, ya ja masu motocin jihohi 11 suka sa hannu a yarjejeniya guda. Aka ce za a biya direba santi 3 ba kwata a kowane mil, kuma in mota ta tsaya ba da laifinsa ba, ko don lalacewa ko don jiran lodi, a biya shi santi 75 a kowace awa. Watau an biya gudu, an kuma biya jira. Wannan ita ce gaɓar da duk sauran labarin ya rataya a kanta.

Zamanin Ƙarfin Ƙungiya

Aizanhawan nan da ya sha taɓo a 1919 shi ne ya zama Shugaban Ƙasa a 1953. A 1956 ya sa hannu a dokar gina manyan tituna masu tsawon mil 41,000, waɗanda suka haɗa dukan manyan biranen ƙasar, ba mararraba, ba tsayawa. Tafiyar da ta ci kwana 91 ta koma ba ta cika mako ba. Kaya suka yi ta barin jirgin ƙasa suna hawa mota.

A 1957 kuma Jimi Hofa, wanda ya koyi dabarun ƙungiya a wurin Dobbs, ya zama shugaban Teamsters. A watan Janairu 1964, a birnin Shikago, ya cim ma burinsa, watau yarjejeniya guda ta ƙasa duka, wadda ta shafi ma'aikata fiye da 400,000. Daga nan kuɗin mil kusan ɗaya ne a ko'ina, da kuɗin jira, da kuɗin asibiti, da fansho. Yawancin direbobin ƙungiya daga tashar kamfani suke tashi, su kai kaya wata tashar kamfanin, su juyo, saboda haka kowa ya san ranar da zai kwana gida. Mutumin da bai yi zurfin karatu ba ya iya sayen gida, ya sa 'ya'yansa makaranta, ya yi shekara talatin a kamfani guda.

Amma fa kada a ce zamanin nan ba shi da aibu. Kuɗin ɗaukar kaya ya yi tsada, talaka mai saye shi ke biya. Mota takan kai kaya ta komo wayam, don takardarta ba ta yarda ta ɗauko kome daga can ba. Baƙar fata kuma an daɗe ana hana su aikin doguwar tafiya mai tsoka, har sai da maganar ta kai gaban Kotun Ƙoli a 1977. Ƙungiyar kanta ɓarayi sun sami hanyar shiga cikin dukiyarta. Shi Hofa an ɗaure shi a 1967, aka sake shi a 1971, ya ɓace a watan Yuli 1975, har yau ba a ga gawarsa ba.

Dokar 1980

Ranar 1 ga watan Yuli 1980 Shugaba Jimi Kata ya sa hannu a dokar da ta kwance yawancin igiyoyin 1935. Samun izni ya zama abu mai sauƙi, kowa kuma ya yanka farashinsa. Kafin 1990 kamfanoni masu izni sun haura 40,000, fiye da ninkin yadda suke. Kuɗin ɗaukar kaya ya sauka, masu kantuna da masu saye suka ji daɗi. Tsofaffin kamfanonin da ke biyan ladan ƙungiya kuwa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ita hukumar ma an rufe ta a ƙarshen 1995. Ko a 2023 wani tsohon kamfani mai suna Yellow ya durƙushe, ma'aikata wajen 30,000 suka rasa aiki.

Waɗanda suka bunƙasa bayan 1980 wani iri ne dabam. Ba ruwansu da tashoshi masu yawa. Direba yakan ɗauki mota cike daga ƙofar masana'anta ya kai wani gari, daga nan a aika masa ya tafi wani wuri ya ɗauki wani lodin, sa'an nan wani, duk inda kaya suka samu. Gidansa ba ya cikin lissafi. Yakan yi mako biyu, ko uku, ko fiye, bai taka ƙofar gidansa ba, kuma abin da aka fi yi shi ne a ba shi kwana ɗaya a gida a kan kowane mako da ya yi a hanya. Yawancin kamfanonin nan babu ƙungiya a cikinsu. Sun riƙe biyan mil, suka yar da biyan jira. Wani masanin tattalin arziki mai suna Michael Belzer, wanda shi kansa tsohon direba ne, ya lissafa cewa tsakanin 1977 da 1995 abin da ladan direba ke iya saye ya ragu da wajen kashi 30 cikin ɗari.

Dubi yadda abin yake. Direba ya isa ma'ajin kaya da asuba, a ce masa ya jira. Bisa al'adar sana'ar, awa 2 na farko kyauta ne, sau da yawa kuma ko an wuce haka kuɗin ba ya zuwa hannunsa. Duba lafiyar mota, da shan mai, da cunkoson gari, da neman wurin kwana, duk ba mil a cikinsu, saboda haka ba lada. Alhali kuwa agogon gwamnati yana tafiya. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki a 2004, direba na da awa 11 na tuƙi cikin awa 14 daga lokacin da ya fara aiki, sa'an nan dole ya huta awa 10. Ashe ke nan duk awar da ya ɓata yana jira, daga cikin awoyin neman abincinsa aka yanke ta. A da, da alƙalami direbobi ke cika littafin lokacinsu, da yawa kuma sukan rubuta jira a matsayin hutu don su sami damar ƙara gudu. Daga watan Disamba 2017 aka tilasta sa wata na'ura a mota mai rubuta lokacin tuƙi da kanta. Ƙarya ta ragu, amma ba a ƙara wa jira ko santi ba. A 2018 masu binciken Ma'aikatar Sufuri ta Amurka suka ƙiyasta cewa jiran nan yana rage wa direbobi fiye da dala biliyan 1 kowace shekara, kuma in aka ƙara minti 15 a kan jiran da aka saba, haɗari yakan ƙaru da wajen kashi 6 cikin ɗari, don wanda aka tsare shi ke yin sauri.

Mutumin da ba shi da ƙungiyar da za ta yi magana a madadinsa, makaminsa guda ne, watau ya ajiye makulli ya koma wani kamfani. Ƙididdigar ƙungiyar masu motocin kanta ta nuna cewa a manyan kamfanonin doguwar tafiya, shekaru da yawa, a kan kowace kujerar direba 100 sai an sake ɗaukar mutum wajen 90 kafin shekara ta zagayo. A 2005 ma lissafin ya haura 100. A kamfanonin tasha zuwa tasha kuwa, inda ake kwana gida a kai a kai, masu barin aiki kaɗan ne ƙwarai. Masu motoci sukan ce direbobi sun yi ƙaranci. Direbobi kuma su ce mutane na nan, aikin ne ke korarsu.

Yadda Mai Hankali Yake Lissafi

To, yanzu mai karatu ya ga asalin tambayoyin nan uku. A zamanin yarjejeniyar 1964 takarda guda ta amsa su ga kowa. Yanzu kowane direba shi ke nemar wa kansa amsa, wanda kuma ya tsaya a kan ta fari kaɗai ya cuci kansa. Ga misali. Kamfani ɗaya ya ce santi 60 a mil, amma ba shi da kaya da yawa, mil 1,800 kurum yake bayarwa a mako. Kuɗin ya kama dala 1,080. Na biyu ya ce santi 52, amma yana ba da mil 2,500. Kuɗin ya kama dala 1,300. Ka ga mai ƙaramin farashi ya fi. Na uku kuwa aikin cikin gari ne, dala 24 a awa, awa 50 a mako, watau dala 1,200, kullum kuma mutum a gidansa zai kwana. Wanda ya bi na biyu ya fi na uku da dala 100, amma ya yi awa 70 yana aiki, yana sayen abinci a hanya da tsada, ya kuma yi mako uku bai ga 'ya'yansa ba. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka tsohon hannu ba ya tsayawa nan. Yakan tambaya da wane awo ake ƙidaya mil ɗin, gama akwai kamfanonin da ke biya bisa littafin da ke lissafa hanya mafi gajarta tsakanin gari da gari, wadda babbar mota ba lalle ta iya binta ba, sai mutum ya yi miloli da dama a banza. Yakan tambaya ko ana biyan tafiyar da aka yi ba kaya. Yakan tambaya daga awa ta nawa ake fara biyan jira, da abin da za a ba shi in ya kwana biyu a wani gari ba lodi. Maganar gida kuma yakan ce a rubuta masa a takarda, sa'an nan ya nemi direbobin kamfanin a tashar mai ya ji ko ana cika alkawarin. In kuwa aka ce masa ya karɓi mota bashi daga kamfanin, yana biya mako mako har ta zama tasa, sai ya yi hattara ƙwarai. Mutane da yawa sun shiga irin wannan, aka cire kuɗin mota da na mai da na gyara daga ladansu, suka tashi hannu wofi, motar kuma ta koma wurin mai ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, kayan Amurka sun yi araha bayan 1980, wani sashi na arahar kuwa daga lokacin direba aka ɗebo shi, da awoyin da ya zauna a ƙofar ma'aji ba lada, da dararen da iyalinsa suka kwana ba shi. Mutanen 1938 sun gane cewa jira ma aiki ne, suka sa aka rubuta shi. Da rubutun nan ya gushe, sai kowa ya koma ga wayonsa. Wanda ya iya karanta takardar aiki tun daga farkonta har ƙarshenta, ya kuma iya ɗaukar alƙalami ya haɗa mil da santi, ya raba da awa, shi ne ke sanin abin da yake sayarwa da abin da aka biya shi. Wanda bai iya ba kuwa sai abin da aka gaya masa. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.